Kwalbar Cikin Kabad

"Kar ki zuba! Tela, kar ki kuskura ki zuba!"

Kofin yana hannuna, bakinsa har ya karkata kan kwalbar da ke bakin taga. Na waiwaya. Mai Guga ce, matar da tun safe ake fama da ita ta ɗaga kai ta haɗiyi magani ta kasa, sai ga ta ta yunƙura ta dogara da gwiwar hannu, ido waje, sai ka ce wuƙa na ɗauko.

"Yaya, ruwa ne fa," na ce. "Dubi waken nan, ƙishirwa za ta kashe shi. Ga ɗan'uwansa can ya yi kore shar, shi ko tsagewa bai yi ba."

"Haka ake so. Aikinsa ke nan, ya zauna a bushe."

"Wake ne mai aiki?"

"Ajiye kofin tukuna, sannan ki jero tambayoyinki. Na san ba ƙarewa suke yi ba."

Na ajiye. Ta koma ta kwanta tana haki, amma idonta bai bar kofin ba sai da na matsar da shi can ƙarshen teburin guga.

Mai Guga maƙwabciyata ce. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata a gidan hayar da muke ciki, kuma bangon nan ba shi da kaurin da zai rufa wa kowa asiri. Ni ɗinki nake yi, ita guga. Kaya su sauka daga kan kekena su hau teburinta, haka muka yi ta yi har gashinta ya yi fari fat, nawa ya fara bin sahu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ni kuwa a gidan ana ce mini Tela a gaban idona, a bayan idona Rediyo. Na sani sarai, kuma ban damu ba. Allah ne ya yi ni da son sanin abu. In na ga ƙofa a rufe, sai in ji kamar da ni ake.

Da wannan halin nawa na gano maganar makarantarta. Wajen shekara biyu ke nan, sai na lura ta fara tashi daga aiki da wuri. Rana na yin sanyi sai ta kashe dutsen guga, ta yi wanka, ta rataya wata jakar yadi da ni na ɗinka mata, ta fice. In na tambaya ta ce unguwa za ta. To ni dai ban taɓa ganin unguwar da ake zuwa kullum da fensir a jaka ba. Ran nan na yafa mayafi na bi bayanta.

Makarantar firamaren ƙarshen layinmu ta shiga, bayan yara sun watse. Na laɓe a jikin taga na leƙa. Manya ne zube a kan bencinan yara, gwiwoyinsu na dukan ƙasan tebur. Ga Makanike na bakin titi da baƙin mai a farcensa, ga matar da ke sayar da kifi, ga wani tsohon ɗan sanda mai ƙaton ciki da ya zauna a karkace don benci ya ƙi karɓarsa. Ajin manya ne, na waɗanda sakandare ta kuɓuce musu suka dawo su ƙarasa, su zana jarrabawa, su karɓi takardar shaida. Mai Guga tana sahun gaba, ta ɗaga hannu sama tana jira a kira ta.

Da ta dawo ta same ni zaune a ƙofar ɗakinta.

"Na ga mayafinki a taga," ta ce tun kafin in buɗe baki. "Ki riƙa laɓewa da mai duhu."

"Yaya, aiki za ki nema da takardar? Yanzu?"

"Wa zai ɗauke ni? Ina ajin ƙarshe mahaifiyarmu ta kwanta, aka ce in zauna in yi jinya wata guda in koma. Watan nan guda ne bai ƙare ba har yau." Ta rataye jakar a ƙusa. "Ke kin san ni. Ko hannun riga ɗaya na bari ban goge ba, abinci ba ya shiga mini. To wannan rigar ta daɗe a kan tebur."

Ta ci shekarar farko lafiya lau. Lissafi ya ba ta wuya, har nakan jiyo ta ta bango tana yi wa kanta faɗa, amma ta wuce. A shekara ta biyun ne ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata gardama. Aka kwantar da ita asibiti, aka sallamo ta da leda cike da magani. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Ɗanta guda ne, direban babbar mota, yau yana gari gobe ba ya nan. Matarsa, wadda har yanzu muke ce wa Amarya duk da 'ya'yanta uku, takan zo da hantsi ta koma da yamma. Sauran lokacin nawa ne. Haka aka yi na tsinci kaina a ɗakin ran nan da kofin ruwa a hannu.

"To yanzu gaya mini," na ce, na jawo kujera. "Mene ne na azabtar da wake?"

"Malamin kimiyya ne ya ba mu aiki. Kwalba uku, auduga a ƙasa, wake a kai. Ɗaya a ba shi ruwa da haske. Ɗaya haske ba ruwa. Ɗaya ruwa ba haske. Bayan mako biyu a buɗe a gaban Malam, a auna, mutum ya faɗi abin da ya gani. Wanda bai yi ba, sunansa ba zai shiga cikin masu zana jarrabawa ba."

"Biyu na gani. Ina ta ukun?"

Ta nuna mini kusurwar ɗaki da baki. Akwai wani tsohon kabad na katako a wurin, wanda ta lulluɓe da bargo mai kauri tun daga sama har ƙasa. Bargon nan ya daɗe yana hana ni sakat.

"Wallahi, Yaya, ni na ɗauka wani magani aka ba ki na ɓoye, aka ce kar ido ya gan shi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Wannan ne karo na uku da nake farawa. Na farko Amarya ta shigo shara, ta ga busasshen ya ba ta tausayi, ta shayar da shi. Na biyu ko kwana biyu bai yi ba ɗana ya zo neman wayar cajinsa a kabad, ya ga kwalba a duhu, ya ce Inna tsufa ya sa ta mantuwa, ya fitar da ita rana. Duk mutanen kirki ne suka kashe mini aiki. Ga ki nan kuma ta uku."

"'Yan ajinku fa?"

"Sun buɗe nasu ina asibiti. Da suka zo duba ni Makanike ya wage baki zai ba ni labarin abin da ya fito, na toshe kunnuwana da yatsu. Malam ya ɗaga mini ƙafa zuwa Asabar ta sama. Daga nan za a tura sunaye."

"Ke me kike gani zai faru da na cikin duhun?"

"Malam ya sa kowa ya faɗi zatonsa tun kafin a fara. Ni na ce ba zai fito ba. Ya fito ya ga me?"

"To in kin san ba zai fito ba, ruwan me kike ba shi?"

"Ban ce na sani ba. Zato na ce. Malam ya ce zato daban, gani daban." Ta mayar da idonta kan bargon. "Ina so in gani da idona, Tela. Abin da aka ba mutum labari ba nasa ba ne. Shekara nawa ina goge kayan makarantar 'ya'yan mutane, ina jin labarin abin da ake yi a can."

Daga nan ta koya mini yadda ake shayar da na cikin kabad, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta zuwa kusurwar. Malam ya ce kar haske ya taɓa shi, ita kuwa Mai Guga in aka ce mata kar, to kar ɗin ne. Sai an saki labulen taga. Sai a ɗauki gorar da take yayyafa wa kaya ruwa kafin guga, mai hujoji a murfi. A durƙusa, a zura hannu ta ƙarƙashin bargo, a buɗe ƙofar kabad daidai faɗin hannu, a lalubo bakin kwalbar, a girgiza gorar kaɗan, a janye hannu, a rufe. Fuska kuma tana kallon bango.

"Ke da kike yi da kanki, ba ki taɓa jin komai da yatsa ba?" na tambaye ta.

Ta miƙo mini hannunta. Kan yatsun sun yi sumul, sun yi tauri. "Dutsen guga ya cinye su tuntuni. Ko allura ta soke ni sai na ga jini nake sani." Ta riƙe wuyan hannuna. "Ki yi mini alkawari ba za ki leƙa ba. Duk gidan nan ke na fi tsoro, kuma ke kaɗai gare ni."

Na yi alkawari. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Wanda bai da irin halina ba zai gane wahalar da na sha ba. Kullum sai in durƙusa gaban kabad, hannuna a ciki, idona a kan wani tsagin bango da na haddace kamanninsa kaf. Tsakanina da sanin abin nan, ɗaga gefen bargo ne kawai. Sau da yawa ma barci take yi, bakinta a ɗan buɗe, ba wanda zai sani. Sai in koma kan kekena in kasa ɗinki. Har na ɗinka wa wata mata aljihu a bayan riga. Na cikin taga kuwa sai girma yake, ganye biyu, ganye huɗu, ita tana kwance tana sa ni in auna shi da tef ɗina in faɗa mata. Busasshen yana nan yadda aka ajiye shi, kamar ɗan dutse.

Ran nan na zura hannu kamar kullum, ina laluben bakin kwalba, sai wani abu mai sanyi, mai laushi, ya shafi wuyan hannuna. Na zabura har gwiwar hannuna ta bugi ƙofar. Da farko na ce ƙadangare ne. Na daure na tsaya. Abin bai motsa ba. Yana nan a jingine da fatata, siriri, a can sama da bakin kwalbar, inda babu abin da ya kamata ya kasance.

"Mene ne?" in ji Mai Guga. Ashe idonta biyu.

"Ba komai. Ƙusa ce ta karce ni."

Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta juya fuska.

Tun da nake ban taɓa riƙe labari ya kwana a cikina ba, sai wannan. Na je famfo ɗibar ruwa, matar ɗakin ƙarshe ta ce, "Tela, yau babu labari?" Na ce babu. Ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi nake. Abin yana cina ta fuska biyu. Na san ya fito, amma ban san kamanninsa ba. Kore ne? Baƙi ne? Ganye gare shi? Me yake nema a can sama?

A makon ƙarshen jikinta ya rikice. Ta daina iya kwanciya sosai, sai an tara mata matasai a baya. Leɓɓanta suka canja launi. Direba ya ajiye mota ya dawo gida, ya riƙa zama a bakin ƙofa yana juya makullai a hannu. Na dubi yadda ƙirjinta ke ɗagawa, na dubi kwanakin da suka rage. Da yamma na yafa mayafi na nufi makarantar, wannan karon ta ƙofa na shiga.

Malamin kimiyya yaro ne siriri, bai kai ɗanta ba, da farin alli a gwiwar wandonsa. Ya fito baranda ya saurare ni da ladabi. Da na kai kan bargo da sakin labule da juya fuska, sai ya buɗe baki.

"Mama, kina nufin tun da ta fara ba ta taɓa dubawa ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ai tana iya dubawa kullum in tana so. Ɗan hasken da zai shiga a buɗe a rufe ba zai ɓata komai ba. Sauran duk leƙawa suke yi."

"Kai ka ce musu kar haske ya taɓa shi?"

Ya dafe kai. "Na faɗa kuwa. Haka na faɗa."

"To ita ba a gaya mata magana rabi."

Ya ce in gaya mata ta buɗe yau ɗin nan. Ya ce kwanakin da aka yi sun isa, shi da kansa zai zo gida gobe ya duba ya sa mata maki, ba sai an jira Asabar ba. Na dawo da sauri har ina tuntuɓe, murna fal cikina, don na ga hanyar da ni da ita duk za mu huta.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam ne ya ce, ko ke kika je kika sa shi ya ce?"

"Yaya, shi ya faɗa da bakinsa."

"Me kika gaya masa a kaina?"

Na kau da kai.

"Kowa a ajin nan mako biyu ya yi. Ba na so a rage mini don an gan ni a kwance." Ta tsaya ta nemi numfashi. "In na buɗe yau, Tela, na yarda ke nan ba zan kai Asabar ba. Ke kin yarda, na gani a fuskarki. Ni ban yarda ba tukuna."

Haushi ya kama ni, irin haushin da tsoro ke haifarwa. Na ce taurin kanta ya yi yawa, na ce wake ne fa, wake, ba wani abu ba. Ta bar ni na yi ta yi. Da na gaji ta ce in saki labule, yau ban ba shi ruwa da kyau ba, ta ji gorar sau ɗaya kawai na girgiza.

Ana jibi Asabar, da yamma, ɗakin ya yi tsit. Amarya ta tafi ɗauko yara, Direba ya je sayen magani. Na gama shayar da na kabad ɗin, na ɗage labule, rana ta faɗo kan teburin guga. Dutsen yana nan a tsaye a kan gindinsa inda ta bar shi, ƙura ta fara hawa.

"Tela."

"Na'am, Yaya."

"Babu ƙusa a kabad ɗin nan. Ni na san kayana."

Na sunkuyar da kai ina gyara bakin zanena.

"Ke fuskarki ba ta iya ajiya. Tun ran nan kike yawo kamar wadda ta haɗiyi ƙwai ɗungum. Ya fito, ko?"

"Kin ce kar in faɗa."

"Ban ce ki faɗa ba."

Ta dube ni, na dube ta. Sai murmushi ya fara daga gefen bakinta ya bazu a hankali.

"Ikon Allah," ta ce. "A cikin wannan duhun. To me ya gani?" Can kuma ta ce, "Wane launi ne?"

"Ban sani ba."

"Haba dai."

"Wallahi, Yaya, ban leƙa ba. Hannuna kawai ya taɓa."

"Ke? Rediyo? Ba ki leƙa ba?"

Ranar ce kaɗai ta taɓa kirana da sunan a gaban idona. Ta yi ta dariya marar sauti, kafaɗunta na rawa, hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne. Ni ma na yi, ina share nawa da mayafi.

"To mu biyu ke nan ba mu sani ba," ta ce da ta samu numfashi. "Jibi ma gani. Ki zo da tef ɗinki."

Washegari da hantsi ina kan keke, na ji Amarya ta kira ni ta bango. Ba ihu ta yi ba, sunana kawai ta kira, amma na san muryar. Na shiga na tarar Direba ya riƙe hannun uwarsa, kansa a kan katifa. Tana jingine da matasanta, fuskarta ta juya wajen kusurwar da kabad yake. Kafin rana ta faɗi an kai ta makwancinta.

Ranar ban shayar da wake ba. Ban ma tuna da shi ba, sai da na kwanta na ji bangon ya yi shiru.

Ran Asabar tsakar gida cike da masu gaisuwa, sai ga Malam ya shigo, 'yan ajin na biye da shi. Makanike ya wanke hannunsa tas, ban taɓa ganin farcensa fari ba sai ranar. Suka gaisa da Direba, suka yi mata addu'a, suka zauna. Malam ya yi ta murza hularsa a hannu, daga bisani ya matso kusa da ni.

"Mama, ban sani ba ko ya dace. Yau ce ranar."

Na dubi Direba. Ya ce, "Goggo, ke ta bar wa. Ku shiga."

Muka cika ɗakin, tsohon ɗan sandan ya tsaya a bakin ƙofa don babu wurinsa. Hannuna ya kai kan labule don sabo, sai na tuna, na bar shi a ɗage. Na janye bargon. Ya faɗi ƙasa da nauyi, ƙura ta tashi. Na buɗe ƙofar kabad ɗin gaba ɗaya.

Fari ne. Fari mai ɗan ruwan ɗorawa, siriri kamar zaren da nake ɗinke bakin zane da shi, kuma dogo, ya ninka na taga tsawo. Ganyensa 'yan mitsi-mitsi guda biyu a can ƙarshe, a naɗe, ba su buɗe ba. Bai miƙe sama ba. Ya fita daga kwalbar, ya bi ta inda hannuna ke wucewa, ya lanƙwasa ya nufi bayan kabad. Na sa kai na duba. A katakon baya akwai wani ɗan rami da bai fi ƙwayar gero ba, wanda ni da ita ba mu san da shi ba, ɗan haske na shigowa ta ciki, kuma kan waken yana manne da bakin ramin.

Can Makanike ya ce a hankali, "Nawa bai kai rabin wannan ba."

"Kai ai kullum kana buɗewa," in ji mai kifi.

Malam ya durƙusa. Na miƙa masa tef ɗina, ya bi tsawon waken da shi a hankali ba tare da ya taɓa shi ba. Ya auna na taga. Ya ɗaga busasshen ya duba ya mayar.

"Malam," in ji Direba daga bayanmu. "Inna ta ci?"

"Ta ce ba zai fito ba, ga shi ya fito. Amma ba zato ake ba maki ba, aikin ake ba." Malam ya naɗe tef ɗin ya ba ni da hannu biyu. "Ta gama aikinta. Babu abin da ya rage a ciki."

Direba ya juya ya fita. Muka ji ya buɗe famfo a tsakar gida, ruwan ya daɗe yana zuba.

Da suka watse na ɗauko kwalbar da hannu biyu, ina tallafe da farin waken don kar ya karye, na ajiye ta a kan teburin guga inda rana ke sauka. Ya kasa tsayuwa da kansa, sai na jingina shi da hannun dutsen. Na gan shi, na san launinsa, na san tsawonsa. Karo na farko ke nan da na san abu, kuma wadda nake so in gaya wa ba ta nan.

Amarya ta shigo tattara kofuna. Ta tsaya a bakin taga, gaban kwalbar da ba a taɓa ba ruwa ba, ta jima tana kallonta.

"Goggo," ta ce, "wannan fa? Yanzu an yarda?"

Na ɗauko gorar yayyafi na girgiza a kai. Audugar ta shanye ruwan nan take, na ƙara. Muka tsaya mu biyu a bakin tagar, ita da kofuna a hannu, ni da gora, har fatar waken ta fara yamutsewa.